Yadda ake zaɓen ƙarfen liƙi don gyaran ƙananan kayan lantarki da ƙere-ƙeren hannu

A gidaje da yawa akwai rediyon da ya yi shiru, ko tocilar da ta daina haske, ko fitilar hasken rana da aka jefa bayan ɗaki. Sau da yawa abin da ya same su bai taka kara ya karya ba. Waya guda ce ta ɓalle daga wurinta, kuma da za a mayar da ita, da kayan sun ci gaba da aiki. Haka nan akwai samari da ƴan mata masu basira, waɗanda ke ƙera motoci da jiragen sama da ƙananan gidaje da waya da gwangwani, suna so su sa musu fitila ko ɗan injin da zai juya ƙafa. Dukan waɗannan ayyuka suna bukatar kayan aiki guda ɗaya, wato ƙarfen liƙi. A shagunan Maradi da Zinder da Tahoua da Niamey, idan kuka ce fer à souder da Faransanci, mai shago zai gane abin da kuke nema.

Wannan shafi zai taimake ku ku zaɓi wanda ya dace da ku. Babu ƙarfen liƙi guda da ya fi kowane kyau ga kowa da kowa. Wanda ya dace shi ne wanda ya yi daidai da aikin da za ku yi, da kuma irin wutar da kuke da ita a gida.

Mene ne liƙi?

Liƙi shi ne haɗa ƙarfe biyu ta hanyar narkar da wani ƙarfe mai taushi a tsakaninsu. Ya bambanta da walda. A walda, ƙarfen da ake haɗawa shi kansa ne ke narkewa. A liƙi kuwa, wayar liƙi kaɗai ke narkewa, ta malala ta kama ɓangarorin biyu, sa'an nan ta daskare. Mutane sukan kira wannan waya dalma, amma a gaskiya gauraye ce ta kuza da dalma, kuma akwai irin da babu dalma a cikinta ko kaɗan.

Aikin ƙarfen liƙi shi ne ya kai zafi cikin ɓangarorin biyu da sauri. Idan ƙarfen ya dace da aikin, mahaɗi ɗaya ba ya ɗaukar fiye da daƙiƙa 2 zuwa 4, wato kafin ku ƙirga ɗaya zuwa huɗu a hankali. Ku riƙe wannan ma'auni, domin da shi za ku auna duk sauran abubuwan da za mu ambata.

Ni kaina na koyi wannan darasi da asara. Shekarun baya, rediyon da muke sauraron shirye-shirye da shi a wata cibiyar yaƙi da jahilci ya lalace. Na je kasuwa na sayo ƙarfen liƙi mafi girma da na gani, ina tsammanin babba ya fi ƙarami. Da na ɗora bakinsa a kan allon rediyon, sai siririyar hanyar jan ƙarfe da ke manne da allon ta ɗaye kamar ɓawon albasa. Gyaran da bai wuce waya ɗaya ba ya zama sayen sabon rediyo, ɗalibai kuma suka yi makonni ba su ji darasi ba. Ƙarfen nan ba shi da aibi, sai dai na masu aikin gwangwani ne, ba na rediyo ba.

Tambaya ta farko: wane aiki za ku yi?

A jikin kowane ƙarfen liƙi na lantarki, ko a kan kwalinsa, akwai lamba da harafin W a gabanta, misali 30 W. Wannan harafi yana nufin wat, wato ma'aunin ƙarfin da yake ja daga wuta. Yawan wat yana nuna yawan zafin da ƙarfen zai iya zubawa cikin aiki ba tare da ya huce ba. Ga yadda aka saba rarraba su:

1. Wat 15 zuwa 30: don allon rediyo, da tocila, da cajar salula, da ƙananan ƙwayayen fitila da ake kira LED, da siraran wayoyi.

2. Wat 40 zuwa 60: don wayoyi masu ɗan kauri, da lasifika, da ƙananan injuna, da haɗa wayar ƙarfe wajen ƙera ƴar mota ko ɗan keke.

3. Wat 80 zuwa 100 ko fiye: don gwangwani mai faɗi da wayoyin batir masu kauri.

Dalilin wannan rarrabuwa shi ne ƙarfe yana shan zafi. Siririyar waya tana ɗaukar zafi nan take. Faffaɗan gwangwani kuwa yana janye zafin yana watsa shi ko'ina, kamar yadda babbar tukunya ba ta tafasa a kan ƴar ƙaramar wuta.

Kada ku ɗauka cewa ƙaramin ƙarfe ba ya ɓarna. Idan ƙarfinsa ya gaza, wayar liƙi ba za ta narke da wuri ba, sai mutum ya daɗe yana dannawa. A cikin wannan jira zafi yakan bi waya ya narkar da robar da ke jikinta, ko ya kashe ƙaramin abin da ake son liƙawa. Saboda haka ƙarfen da ya yi yawa yana ƙonawa, wanda ya yi kaɗan shi ma yana ƙonawa, sai dai a hankali.

Idan kuɗinku na ƙarfe ɗaya ne kawai, kuma aikinku gyaran rediyo da tocila ne da ƴan ƙere-ƙere, ku nemi mai wat 30 ko 40.

Tambaya ta biyu: wace irin wuta gare ku?

Ƙarfen liƙi mai kyau ba shi da amfani ga wanda ba shi da abin da zai ɗora shi a kai. Akwai iri biyar, kowane da wurin da ya dace da shi.

Na wutar gida. Wutar Nigelec mai volt 220 ce. Ku duba lambar da ke da harafin V, ku tabbata an rubuta 220 V ko 230 V, ko kuma 220 zuwa 240 V. A cikin kayan gwanjo akan sami na Amurka, wanda aka rubuta wa 110 V ko 120 V. Idan aka cusa mai 110 V a wutarmu, ƙarfin da yake ja zai ninka har sau huɗu, ya ƙone cikin ɗan lokaci, har yana iya ta da gobara. Ku sani kuma cewa idan wuta ta yi rauni, ƙarfen ma yana rauni. Idan ta sauka daga volt 220 zuwa 180, mai wat 30 zai koma aiki kamar mai wat 20. A unguwar da wuta ke yawan raguwa, ko inda ake aiki da ƙaramin janareta, gara a ɗauki mai wat 40.

Na batir mai volt 12. Wannan ya dace da ƙauyukan da ke da allon hasken rana da batir. Yana zuwa da maƙalai biyu da ake damƙa wa kan batir, ja da baƙi. Ga lissafi mai sauƙi: idan kun raba wat da volt, za ku sami ampa. Wat 30 a raba da volt 12 ya ba da ampa 2 da rabi. Ƙaramin batir da aka rubuta wa 7 Ah, in an sha rabinsa kawai kamar yadda ya kamata don kada ya mutu da wuri, zai riƙe wannan ƙarfe wajen awa ɗaya da minti 20. Shi ya sa ya fi kyau a tara ayyuka a yi su da rana tsaka, lokacin da allon ke cika batir, don kada a rasa hasken dare.

Na gas. Yana kama da babban alƙalami, ana ɗura masa irin gas ɗin da ake sa wa ƙyastu na zamani. Ba ya bukatar waya, yana kuma yin zafi da sauri. Amma akwai wata ƴar ƙofa a gefen bakinsa da ke fitar da iska mai zafi ƙwarai, wadda takan narkar da roba idan ba a lura ba. Kafin ku saya, ku tabbata ana sayar da gas ɗin a garinku. Kada kuma ku bar gwangwanin gas a rana ko cikin rufaffiyar mota, musamman a watannin Afrilu da Mayu.

Na USB. Waɗannan iri biyu ne. Akwai masu araha da ake cusawa a cajar salula ta volt 5. Ƙarfinsu bai wuce wat 8 zuwa 10 ba, saboda haka siraran wayoyi kaɗai suke iyawa. Akwai kuma na zamani masu ramin USB-C, irin su Pinecil da TS101, waɗanda ke kai wat 60 ko fiye, suna yin zafi cikin daƙiƙu kaɗan, suna kuma nuna yawan zafinsu da lambobi. Sai dai ba sa ba da cikakken ƙarfinsu sai da babbar caja, irin ta kwamfutar hannu. Ku sa kuɗin cajar a cikin lissafinku.

Na gawayi. Shi ne na gargajiya: dunƙulen jan ƙarfe a kan sanda mai mariƙin itace, ana gasa shi a garwashi. Da shi masu aikin gwangwani ke liƙa mazurari da fitilar aci-bal-bal. Maƙeri na iya ƙera muku shi, ba ya kuma cin lantarki. Ya dace da gwangwani da wayoyi masu kauri. Amma ba a iya auna zafinsa, yana kuma hucewa da sauri, don haka bai dace da allon salula ba. Kada a bari kansa ya yi ja a wuta, domin in ya yi ja ruwan liƙi ba zai ƙara kama shi ba sai an goge shi.

Mai daidaita zafi da marar daidaitawa

Ƙarfen liƙi mai sauƙi, da zarar an cusa shi a wuta, zafinsa yana ta hauhawa. Idan aka bar shi yana jira, yakan wuce digiri 400. Wannan zafi yana baƙanta bakinsa, yana kuma ɗaye hanyoyin jan ƙarfe daga allo. Mai irin wannan ƙarfe sai ya riƙa cire shi daga wuta duk lokacin da zai dakata.

Akwai kuma mai daidaita zafi. Wani yana da ɗan abin murɗawa a jikin mariƙinsa, wani kuma yana zuwa da akwati dabam mai lambobi. Mai kyau daga cikinsu yana jin zafin bakinsa da kansa. Idan ya kai inda aka tsayar da shi sai ya rage shan wuta, idan ya huce sai ya ƙara. Saboda haka mai daidaitawa na wat 60 ba ya ƙona allon rediyo, alhali kuwa marar daidaitawa na wat 60 yana iya ƙonawa. Ga wayar liƙi mai dalma, ana tsayar da shi tsakanin digiri 320 da 350. Ga marar dalma, tsakanin 350 da 380.

Duk wanda ke da niyyar mayar da gyara sana'a, ko yake son taɓa salula, to mai daidaitawa ya kamata ya tara kuɗi ya saya. Kamfanonin da suka yi suna a wannan fanni sun haɗa da Weller, da Ersa na Jamus, da Hakko na Japan, da Antex na Ingila. Akwai jabu da yawa masu ɗauke da waɗannan sunaye. Idan farashin ya yi arahar da ta ba ku mamaki, ku yi hattara, domin araha ba ta ado.

Bakin ƙarfe

Baki shi ne ke taɓa aiki, kuma ta nan zafi ke wucewa. Masu fara koyo sukan zaɓi baki mai tsini kamar allura, suna ganin shi ne na aiki mai kyau. Amma tsini yana taɓa wuri kaɗan ne, zafin da ke wucewa ta nan ma kaɗan ne. Bakin da ya fi amfani a yawancin ayyuka shi ne mai ɗan faɗi kamar bakin abin kwance kusa, mai faɗin milimita 2 zuwa 3. Ƙa'idar ita ce faɗin baki ya yi kusan daidai da faɗin wurin da za a liƙa. Mai tsini sai a ajiye shi don ƙananan wuraren da ke cikin salula. Gwangwani kuwa yana son baki mai faɗin milimita 5 ko fiye.

Baki yana cinyewa da aiki, don haka ku sayi ƙarfen da ake iya canza masa baki, ku kuma tambayi mai shago ko yana sayar da irinsa. Yawancin masu daidaita zafi da ke zuwa daga Sin suna amfani da bakin da ake kira 900M, wanda ba shi da wuyar samu. A jikinsa, harafin B na nufin mai tsini, D mai faɗi, K kuma mai kama da wuƙa. Idan kun ga 2.4D, to mai faɗi ne na milimita 2 da ɗan ƙari.

Baki iri biyu ne ta wajen ƙira. Akwai na jan ƙarfe zalla, wanda ruwan liƙi ke ci a hankali har ya yi rami. Shi ana gyara shi da magagari. Akwai kuma wanda aka lulluɓe jan ƙarfensa da siririn baƙin ƙarfe, yana da launin azurfa. Wannan ya fi daɗewa, amma ba a sa masa magagari ko takarda mai yashi. Da zarar lulluɓin ya huje, bakin ya gama aiki.

Wayar liƙi da man liƙi

Ƙarfe mai kyau ba ya gyara mugunyar wayar liƙi. A jikin ƙullin wayar za ku ga haruffa da lambobi. Sn na nufin kuza, Pb na nufin dalma. Idan an rubuta 60/40, to kashi 60 cikin ɗari kuza ne, kashi 40 dalma. Wannan iri yana fara narkewa a digiri 183, ya gama a wajen 190. Mai 63/37 yana narkewa a digiri 183 daidai. Su biyun ne suka fi sauƙin aiki ga mai koyo. Idan lambar kuza ta yi ƙasa, misali 40/60, wayar tana son zafi mai yawa, tana kuma yin kauri kamar kunu maimakon ta malala.

Wayar da babu dalma a cikinta tana narkewa ne tsakanin digiri 217 da 227. Tun shekarar 2006 Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da dalma a cikin sababbin kayan lantarki, kuma masana'antu da yawa na duniya sun bi wannan tsari. Shi ya sa za ku tarar mahaɗin sabon rediyo ko salula ya fi na tsohon wuyar narkewa. Dabarar masu gyara ita ce su ƙara ɗan sabon liƙi a kan tsohon mahaɗi, sai duka su narke tare.

Don aikin allo, ku nemi waya mai kaurin milimita 0,8, ko abin da ke tsakanin 0,5 da 1.

A tsakiyar wayar liƙi ta aikin lantarki akwai wani mai da aka ɗura, wanda ake samowa daga ƙaron wani itace. Shi ne ke wanke dattin da ke saman ƙarfe don liƙi ya kama, shi ne kuma ke yin hayaƙin da kuke gani. Ana sayar da shi dabam a cikin ƙananan gwangwanaye. Akwai wani ruwan liƙi mai asid da masu aikin gwangwani da masu gyaran tankin ruwan mota ke amfani da shi. Kada ku kusantar da shi ga allon rediyo ko salula. Mahaɗin zai yi kyau a ranar, amma bayan ƴan watanni asid ɗin zai cinye wayoyin.

Ga masu ƙere-ƙere: wane ƙarfe ne ke karɓar liƙi?

Jan ƙarfe da tagulla suna karɓar liƙi da sauƙi. Gwangwanin tumatir da na madara ma haka, domin baƙin ƙarfe ne da aka shafe da kuza, sai dai a kankare fenti tukuna. Gwangwanin lemo kuwa yawancinsa na alminiyom ne, kuma wayar liƙi ta yau da kullum ba ta kama alminiyom komai yawan zafin da aka ba shi. Ku gwada da maganaɗisu, wanda za ku iya cirowa daga tsohuwar lasifika. Gwangwanin da maganaɗisu ya kama zai liƙu. Wanda bai kama ba, sai ku haɗa shi da lanƙwasawa ko da ƙananan kusoshi.

Wayar ƙarfe da ake lanƙwasawa a yi jikin mota tana liƙuwa idan an goge ta sai ta yi ƙyalli. Ku fara naɗe mahaɗin da siririyar wayar jan ƙarfe, sa'an nan ku zuba liƙi a kai. Naɗin shi ke ɗaukar nauyi, domin liƙi kaɗai ƙarfe ne mai taushi.

Mai ƙera mota da fitila yana yin ayyuka biyu ne mabambanta, jikin mota da wayoyinta. In ba shi da mai daidaita zafi, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ƙarfen gawayi don jikin motar, da ƙaramin na lantarki don fitilu da inji.

Abubuwan dubawa a kasuwa

Ko a kasuwar Katako ta Niamey kuke, ko a babbar kasuwar Maradi, ko a kasuwar Dole ta Zinder, kada ku biya sai kun duba waɗannan:

1. Ku karanta lambar W da lambar V da kanku. In rubutun ya yi ƙanƙanta, ku roƙi wani ya karanta muku.

2. Ku girgiza shi kusa da kunne. Kada wani abu ya yi motsi a ciki, kada kuma bakin ya yi lilo.

3. Ku duba wayarsa daga farko har ƙarshe, musamman inda ta shiga mariƙi. Kada a ga tsaga ko jan ƙarfe a fili.

4. Ku riƙe shi kamar alƙalami. Idan ya yi muku nauyi, ko bakinsa ya yi nisa da yatsunku, hannu zai riƙa rawa wajen aiki.

5. Ku roƙi mai shago ya cusa shi a wuta. Mai sauƙi ya kamata ya narkar da wayar liƙi cikin minti 3 zuwa 5, mariƙinsa kuma ya kasance ana iya riƙe shi.

6. Ku duba ko yana da wayar ƙasa, wato ta ukun da ke kwashe wutar da ta ɓalle. Marar ita yakan zubo da ƴar wuta ta bakinsa, wadda ke iya kashe ƙananan kayan cikin salula. Idan ɗakinku ba shi da wayar ƙasa, ku bari ƙarfen ya yi zafi, ku cire shi daga bango, ku liƙa da sauri, sa'an nan ku mayar.

Kada ku manta da mazauninsa. Idan ba ku saya ba, ku lanƙwasa waya mai kauri ku kafa ta a kan katako. Ƙarfen liƙi mai zafi ba a ajiye shi a kan tabarma.

Ranar farko da kulawar yau da kullum

Da sabon ƙarfe ya fara zafi, ku shafa wa bakinsa wayar liƙi har ya yi fari fat yana ƙyalli. Wannan shafi yana hana shi baƙi, yana kuma taimaka wa zafi ya wuce. A lokacin aiki ku riƙa goge bakin a kan soso ko tsumman auduga mai ɗan laima. Kafin ku kashe shi, ku sake shafa masa liƙi. Lokacin hunturu ku rufe kayan aikinku, ku kuma share ƙura daga wurin da za ku liƙa, domin liƙi ba ya kama datti.

Ga yadda ake liƙi: ku ɗora baki ya taɓa ɓangarorin biyu tare, ku jira daƙiƙa ɗaya, ku kawo wayar liƙi ta taɓa mahaɗin, ba bakin ƙarfen ba. Da ta malala, ku janye wayar, sa'an nan ku janye ƙarfen. Kada ku motsa mahaɗin sai ya daskare. Mahaɗi mai kyau yana da santsi, ya kwanta ya rungume waya. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo bai sami isasshen zafi ba, kuma zai ɓalle. Ku fara gwada hannunku a kan mataccen rediyo kafin ku karɓi na maƙwabci.

Lafiyarku da ta iyalinku

Dalma guba ce, kuma ta fi cutar da ƙananan yara da mata masu juna biyu. Tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, kuma wannan lahani ba ya komawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin dalma a jikin mutum da aka sani ba ya cutarwa. A shekarar 2010, a jahar Zamfara ta Najeriya da ke maƙwabtaka da jahar Maradi, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma. Ba liƙi ne ya jawo wannan ba, niƙan duwatsun zinariya ne a cikin gidaje. Amma hanyar da gubar ta bi ita ce wadda za mu tsare: daga ƙasa zuwa hannu, daga hannu zuwa baki. Saboda haka:

1. Kada ku riƙe wayar liƙi da haƙori, kada kuma ku ci goro ko abinci kuna aiki.

2. Ku wanke hannu da sabulu bayan kun gama.

3. Ku tattara ɗigon liƙin da ya zuba a cikin gwangwani mai murfi. Kada ku yi aiki inda yara ke rarrafe ko inda ake girki.

4. Kada ku liƙa kwano, ko butar shayi, ko wani abin da ake zuba ruwan sha ko abinci, da waya mai dalma.

5. Ku yi aiki a inda iska ke wucewa. Hayaƙin man liƙi yana sa tari, kuma shaƙarsa kullum yana iya kawo ciwon asma.

6. Ku cire batir ko wuta daga duk abin da za ku gyara. Kada ku ɗora ƙarfen liƙi a jikin batirin salula, domin yana iya kumbura ya kama da wuta. Kada kuma mai koyo ya buɗe talabijin, don wasu sassansa suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe shi.

7. Idan ƙarfen ya suɓuce, ku bar shi ya faɗi, kada ku cafe. In kun ƙone, ku zuba ruwa mai tsabta mai sanyi a wurin har minti 20. Kada ku shafa mai, ko ƙwai, ko man goge haƙori. Idan ƙunar tana da faɗi ko zurfi, ku tafi asibiti.

Yaron da ke son koyo, ku zauna tare da shi duk lokacin da ƙarfen ke da zafi. In da hali, ku saya masa waya marar dalma.

Aiki don ajinku

Ba dole ne kowa ya sayi nasa ba. Ɗaliban cibiya ɗaya, ko ƴan ƙungiya ɗaya, suna iya haɗa kuɗi su sayi mai daidaita zafi guda da baki biyu, su ajiye littafin da ake rubuta sunan wanda ya ɗauka da ranar da ya mayar. Kafin ku yanke shawara, ku tattauna waɗannan tambayoyi tare da malaminku:

1. Waɗanne kayan lantarki ne suka lalace a gidajenku? Ku rubuta sunayensu a allo, ku ƙirga su.

2. Wace irin wuta ake samu a garinku, kuma awa nawa take zama a yini?

3. Ƙarfen liƙi mai wat 60 a kan batir mai volt 12, ampa nawa zai ja?

4. Wani yana zaune a ƙauyen da babu wutar Nigelec, yana da allon hasken rana, yana son gyaran tocila da rediyo. Wane ƙarfe za ku ba shi shawara ya saya, kuma mai wat nawa?

5. Wa ke gyaran rediyo ko salula kusa da ku? Ku gayyace shi aji ya nuna muku ƙarfensa, ya faɗa muku dalilin da ya sa ya zaɓe shi.